Jarka, Ina Kika Kwana?

"Ga ta nan, ga ta nanku, tafe da kaya a ka!"

"Ta zo ta sauke, mu ji ta!"

To, ku matso. Kai mai gyangyaɗi, je ka wanke ido ka dawo.

Wani gari ne ana ce masa Dutsen Gauraka. Gero akwai, dawa akwai, shanu akwai. Abu ɗaya garin ya rasa, shi ne ruwan sha. Rijiyoyinsa duk zartsi ne, in ka kurɓa sai ka yatsine fuska kamar ka ciji ɗanyar tsamiya. Ruwa mai daɗi yana can bayan dutse, a wani marmaro, tafiya mai nisa.

A garin akwai wani tsohon ɗan garuwa, sunansa Ɗantani. Shi ke kawo wa mutane ruwan marmaro a manyan jarkoki, a kan amalanke, jakinsa Duna yana ja. Na ji wani yana gunaguni wai a zamanin da babu jarka. Kai ka je zamanin? A tatsuniyata akwai. Yadda ake yi kuwa, a sauke maka cikakkiya a ƙofa, kai kuma ka miƙo wadda ka shanye. Jarkar da ta kwana gidanka yau, gobe tana gidan wani. Kowace jarkar Ɗantani da jan zare ɗaure a mariƙinta.

Da tsufa ya kama Ɗantani, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, sai 'yarsa Tasalla ta karɓi igiyar jaki. Yarinya ce 'yar siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta kama aiki sai ta ga bayansa.

Ranar da ta fara zuwa marmaro, ta kai jarka za ta tara, sai ruwa ya ɗauke cak. Sai ga wata tsohuwa ta fito daga tsagin dutse, gashinta kore shar kamar gansakuka. Uwar Marmaro ce, aljanar wurin.

Ta ce, "'Yar Ɗantani, haka ake yi? Kin tambaye ta inda ta kwana?"

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Iya, ana tambayar jarka?"

"Ana tambayarta. Ubanki ma tambaya yake yi. Sa kunnenki a bakinta, ki rera abin da zan koya miki."

Tasalla ta sa kunne, ta rera:

"Jarka, jarka, ina kika kwana?
Me kika sha a gidan mutane?"

Jarka ta yi mata raɗa: "Na kwana gidan mai ƙosai, na sha manja." Uwar Marmaro ta ce, "Wannan toka da ruwan zafi."

Ta tambayi ta biyu. Ta ce, "Na kwana gidan mai daddawa, na sha jiƙon kalwa." Uwar Marmaro ta ce, "Wannan toka da yashi, sannan ta wuni a rana."

Ta tambayi ta uku. Ta ce, "Na kwana gidan mai fitila, na sha kananzir." Uwar Marmaro ta ce, "Wannan kuma ta gama aikin ruwan sha har abada. Ajiye ta, ki sayi sabuwa."

Sannan ta kama hannun Tasalla ta ce, "Abin da jarka ta gaya miki asirin gidajen mutane ne. Ranar da kika kai shi kunnen wani, ranar marmaro zai rufe miki."

Tasalla ta ce, "Na ji, Iya, na riƙe."

Haka ta yi ta yi. Ta tambaya, ta wanke, ta shanya, ta cika. Ta tambaya, ta wanke, ta shanya, ta cika. Itacen dafa ruwa saye ake, sabuwar jarka saye ake, wankin kuma yana cin rabin yini. Don haka ruwan Tasalla ba shi da araha. Amma wanda ya sha shi, cikinsa lafiya lau.

Ana nan, ana nan, sai Dila ya shigo gari da nasa amalanken, da nasa jarkokin. Kun dai san Dila, baki kamar an shafa zuma. Yana tafe yana shela: "Ruwa, ruwa, araha kamar kyauta! Ruwan marmaro, sanyi ƙalau!" Ƙarya yake yi. Akwai wani kududdufi a rabin hanya, inda shanu ke shiga har gwiwa, nan yake cikawa ya juyo. Ba tambaya, ba wanki. In ya sauke cikakkiya kuma, duk jarkar da aka miƙo masa karɓa yake, har da masu jan zare.

Tasalla ta je unguwar mahauta. Suka ce, "Mun sha na Dila. Ke ruwan naki zuma ake zubawa?"

Ta je unguwar marina. Suka ce, "Mun sha na Dila. Ke ruwan naki daga Makka ake kawo shi?"

Ta je ƙofar fada. Dogari ya ce, "Mun sha na Dila. Ja jakinki, kin tare hanya."

A hanyar komawa Duna ya tsaya ya kafe. Ya ce, "Uwar ɗakina, cikina ya manta kamannin dusa. Mu ma mu daina wankin nan mana. Wa zai gani?"

Tasalla ta ce, "Ni zan gani."

"To mu faɗa musu abin da suke zubawa a jarkokin, su san dalilin tsadar."

"Na yi alkawari, Duna."

Jaki ya yi ajiyar zuciya, ya ce alkawari ba ya cika ciki, amma dai ya ja.

Ba a daɗe ba gari ya rikice. Yara na gudawa, manya na riƙe da ciki, masu magani sun gaji da daka saiwa. Ruwa dai ba ya tsami banza, kowa ya san daga abin sha ne. Dila ya ga wuta za ta kama wutsiyarsa, sai ya riga kowa zuwa fada. Ya faɗi gaban Sarki Gwabro, ya yi gaisuwa, ya matso hawaye.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, hassada ce. Na kawo wa talakawanka sauƙi, yarinyar nan ta ji haushi, ta sa wani abu a jarkoki. A duba gidajen marasa lafiya, a ga in ba za a sami jan zare ba."

Aka duba. Gida bayan gida, ga jarka mai jan zare. Sarki ya fusata. Ya aika wa Tasalla cewa gobe da hantsi ta zo ta wanke kanta a gaban jama'a. In ta kasa, ita da ubanta su bar gari, hanyar marmaro kuma a ba Dila.

Labari ya kai kunnen Ɗantani. Ya ja jiki ya fara naɗe tabarmarsa. Tsohon da ko zaure ba ya iya kaiwa sai an riƙe shi, ina zai iya barin gari? Tasalla ta dube shi, zuciyarta ta yi zafi. Ta fita da gudu, ba ta tsaya ba sai marmaro.

Ta ce, "Iya, in na faɗi abin da jarkoki suka gaya mini, na kuɓuta, amma na ci amana. In na yi shiru, an kore mu."

Uwar Marmaro ta ce, "To wanne kika zaɓa?"

"Ba zan faɗa ba. Amma ki yarje mini in koya musu waƙar, kowa ya tambayi tasa da kunnensa."

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Waƙar nan ita ce gadon gidanku. In kowa ya iya ta, me ya rage naki?"

Tasalla ta miƙa hannuwanta biyu, duk sun yi kanta, toka ta cinye faratan. Ta ce, "Waɗannan."

Uwar Marmaro ta yi dariya har ruwa ya yi tsalle. Ta ce, "Je ki, na yarda."

Gari ya waye, hantsi ya yi, ƙofar fada ta cika maƙil. Dila ya zo da amalankensa cike da lodin safe, don yana so da an gama shari'a ya ci kasuwa. Tasalla ta zo ita da Duna, ta durƙusa.

Sarki ya ce, "Ke yarinya, me kika sa a jarkokin mutane?"

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ban sa komai ba. Abin da ke cikinsu na sani, amma ba zai fito daga bakina ba. A kawo masu jan zaren, kowa ya riƙe wadda aka samu a gidansa, ya tambaye ta da kansa."

Jama'a suka fashe da dariya. Dila ya fi kowa. Amma Sarki ya ce a kawo. Tasalla ta koya musu waƙar, ta ce kowa ya sa kunnensa a bakin tasa.

Sarkin Fawa ya fara. Ya sa kunne, ya rera da ƙatuwar muryarsa. Ba wanda ya ji amsar sai shi. Amma ni ban yi alkawari da Uwar Marmaro ba, don haka zan gaya muku. Jarka ta ce, "Na kwana gidanka, na sha ruwan wankin tumbi. Dila ya ɗauke ni bai ɗauraye ni ba, ya dawo maka da ni." Sarkin Fawa ya sauke jarka a hankali, ya koma ya zauna yana kallon ƙasa.

Magajiyar kasuwa ta biyo. Ta sa kunne, ta rera. Jarka ta ce, "Na kwana gidanki, na sha ruwan wankin tsumman jikanki. Dila ya ɗauke ni bai ɗauraye ni ba, ya dawo miki da ni." Magajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sarki ya ce, "Kai, me suke ji ne haka? Ku miƙo ta gidana." Ya ɗan ɗaga rawani, ya sa kunne, ya rera. Jarka ta ce, "Ranka ya daɗe, na kwana ɗakinka, na sha jiƙon maganin sanƙo..." Sarki ya toshe bakin jarka da tafin hannu, ya danna rawaninsa da ɗaya hannun. Ya dubi Tasalla. Ya gane yarinyar nan ta daɗe da sanin abin da ke ƙarƙashin rawanin, kuma ko jakinta bai taɓa ji ba.

Ya gyara murya ya ce, "Dila, saura naka. Tambayi lodin da ka kawo."

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, mura nake yi, murya ta dishe."

Duna ya ce, "Ni tawa garau take." Ya buɗe baki ya rera waƙar da kukan jaki, jama'a suka kama masa.

To, jarkokin Dila tun da aka yi su ba a taɓa tambayarsu ba. Magana ta taru a cikinsu ta yi tsami, ba su kuma san raɗa ba. Sai murafe suka yi sama, fau, fau, fau! Jarkoki suka kwarma ihu baki ɗaya:

"Kududdufi! Kududdufi!
Mun sha inda shanu suka tsaya!
Ba toka, ba yashi, ba rana!
Kududdufi! Kududdufi!"

Wani kwaɗo ya yi tsalle daga ciki ya dira gaban Sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, a mai da ni gida, iyalina na can."

Kafin a waiwaya Dila ya ari ta kare. Har yau in kun ga dila yana gudu yana waige, ihun jarkokin nan yake ji.

To, mu koma fada. Can Sarkin Fawa ya miƙe ya ce, "'Yata, ashe ƙazantarmu kike wankewa muna ce miki mai tsada."

Sarki ya ce, "Tasalla, hanyar marmaro taku ce, ke da zuriyarki. Amma talakawa sun koka. Ba za ki rage musu ba?"

Ta ɗaga kai ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ragin yana hannunsu. Jarkar ruwa a bar ta ta ruwa. Wanda ya miƙo mini mai tsabta ya rage mini itace, ni kuma in rage masa. Amma in cika ban wanke ba, ko Sarki ne ya ce, ba zan yi ba."

Dogarai suka zabura. Sarki ya ɗaga musu hannu, ya ce, "Ku bar ta. Da irinta gari ke kwana lafiya."

A can gida kuwa, Ɗantani na zaune a tsakar gida kan ƙunshin kayansa, sanda a hannu. Sai ya ji hayaniya na tahowa, ƙafafu da yawa. Ya ce a ransa, shi ke nan, masu kora sun iso. Ya dafa bango ya miƙe, don kada a ce an same shi a zaune. Sai ga Tasalla ta shigo, Duna a bayanta, bayan Duna kuma mutanen gari, manya da yara, kowa da jarka a ka, kowa da ƙullin toka a hannu.

Tsoho ya ce, "'Yar nan, ta wace ƙofa za mu fita?"

Ta ce, "Baba, kwance kayanka. Wanki suka zo koya, kuma kai za ka koya musu."

Ɗantani ya dube su ɗaya bayan ɗaya, har da Sarkin Fawa da ƙaton cikinsa. Ya share ido da bakin riga, ya koma ya zauna, ya nuna ƙasa da sanda. Ya ce, "To, kowa ya durƙusa. Ba a wanke jarka a tsaye."

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa randa! Wanda ya ji ƙarya a ciki ya tace ta ya zubar, ya sha gaskiyar. Araha ba ta ado, yara. Abin da zai shiga cikinku ku tambayi inda ya kwana, mai riƙon amana kuma, ko an daɗe, shi ake nema.