Jatau Mai Goyo a Baki

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu sha labari!

Can cikin teku, gindin duwatsun murjani, akwai wani ɗan jan kifi, sunansa Jatau. Bai fi ɗan yatsa ba, sai dara-daran idanu. Surutu kuwa, ba a magana.

Matarsa Tabawa ta saka ƙwai, ta ɓoye a ƙarƙashin dutse. Jatau ya fita, ya gamu da Ƙaguwa.

"Jatau, ina labari?"

"Sai alheri! Ƙwanmu na ƙarƙashin dutsen can. Kada ki gaya wa kowa."

Kafin azahar Ƙaguwa ta lashe su.

Tabawa ta sake sakawa, ta tura cikin ciyawa. Jatau ya tsegunta wa Kunkuru. Kafin la'asar, wayam!

Tabawa ta sha kuka. Da ta saka a karo na uku, ta ce, "Maigida, buɗe bakinka in duba wani abu."

Ya wangale. Ta ɗura masa ƙwan duka.

"Kwana bakwai, ba ci, ba magana. Ka ce uffan, 'ya'yanka ne za su zube."

Da safe Ƙaguwa ta zo. "Ina kwana, Jatau? Ina aka ajiye na yanzu?"

"Mmm."

Kunkuru ya zo. "Kumatun nan fa? Haƙori ne?"

"Mmm."

Can sai ga surukinsa, mahaifin Tabawa, dattijon kifi.

"Salamu alaikum!"

Jatau ya zaro ido.

"Yaro, ba ka amsa sallama ne?"

Amsa ta zo masa har leɓe. Sai ya ji ƙwan suna motsi a kan harshensa. Ya danne, ya sunkuyar da kai, ya yi wuf ya shige tsagin murjani. Kunya ta hana shi leƙowa sai duhu ya yi, masu gaisuwa sun kwanta.

Ran kwana na bakwai, ya rame kamar tsinke. Ya buɗe baki, 'yan kifaye suka fito firrr, ba ko ɗaya da ya ɓata.

Tabawa ta yi guɗa. Ta ce, "Maigida, ka iya! Daga yau goyo naka ne."

Shi ya sa har yanzu namijin kifin nan ke riƙon ƙwai a baki. Da rana yana maƙale a murjani, gudun masu gaisuwa, sai dare yake fitowa.

Ƙurunƙus kan ƙaguwa!