Wa Zai Riƙi 'Yar Larai?

Ku matso ku ji, ku kuwa za ku yanke hukuncin, ni dai ya gagare ni.

A wata jiha an yi wata mata mai suna Larai, shekararta goma sha shida da mijinta Sha'aibu direba, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Asibitin jihar ya sa ta cikin masu jiran dashen ciki, irin wanda likitoci ke haɗawa a kwalba, har an ɗebi ƙwayoyin haihuwarta an adana a tukunyar sanyi. Ana haka sai majalisar jiha ta yi doka: dashe na 'yan asalin jiha ne kaɗai. Larai kuwa a nan aka haife ta, amma mahaifinta baƙo ne. Ta je jihar uban, suka ce, "Ai kin yi aure waje, koma can." Dokar tarayya ta hana irin wannan wariya, amma takarda ba ta buɗe ƙofa da kanta.

Wata lauya, Asabe, ta ɗauki ƙarar kyauta. Shekara biyu tana sintiri a kotun tarayya, mutanen garinta suna kiranta mai sayar da gida, har ta samo hukunci.

A tsawon wannan jira, dokar jiha ta ce a zubar da ƙwayoyin duk wadda aka cire daga layi. Kande, ma'aikaciyar jinya, ta sauya tambarin na Larai ta ɓoye su a can ƙasan tukunyar sanyi. Kafin abin ya fito hukuncin kotu ya riga ya kare ƙwayoyin, amma ita Kande aka kore ta, saura wata huɗu ta yi ritaya.

Hukunci ya zo, amma asibitin jiha ya ce sai an gama ɗaukaka ƙara. Sai Delu, yayar Sha'aibu, ta rufe shagonta na ɗinki, ta ɗora tukunyar ƙwayoyin Larai a cinya, tafiyar yini guda zuwa asibitin tarayya. Da aka yi dashen a can, wata tara ta kwana a ƙasan gadon Larai, sau biyu tana ba ta jini.

Cikin ya kama. Sai dai jiran ya cinye ƙarfin Larai, shekaru sun ja. Ta haifi 'ya mace, ta riƙe ta kwana uku kacal. Ta dubi mijinta ta ce, "Malam, kai kullum kana hanya. Ka ba wadda ta fi tsaya mini riƙon yarinyar nan." Ba ta faɗi suna ba, Allah ya karɓi abarsa.

Ranar suna, matan uku suna zaune a tsakar gida, ba mai kallon 'yar'uwarta, Sha'aibu na tsaye da jaririya a hannu.

To jama'a, a cinyar wa zai ajiye ta?