Kalmar da Ta Biyo Bayan Bappa

Akwai wani matashi a Gumel mai suna Abdulbaqi, ɗalibin kimiyyar kwamfuta. Kai kam akwai shi, sai dai akwai jin kai. Maraya ne, ƙanin mahaifinsa Bappa, makiyayi a Ɗanzomo, shi ya rene shi.

Da aka zo aikin kammala karatu, kowa ya kama fannin hasashensa. Wani ya ɗauki na ruwan sama, wata ta ɗauki na farashin dabbobi a kasuwar Maigatari. Shi kuwa gogan ya haɗa manhajar da ke hasashen kalmar da mutum zai rubuta a gaba. Don ta koyi Hausa, ya zuba mata duk hirarrakinsa na waya da abokai, ko dubawa bai yi ba.

Ranar da ya tara jama'a don nuna aikin, Bappa ya zo da yayar Abdulbaqi, Adda Naja'atu, ya zauna a sahun gaba yana ta washe baki.

"Wannan ba ta ƙarya," in ji Abdulbaqi. "Abin da ta saba gani ina rubutawa, shi take kawowa."

Ya rubuta "Ina", ta kawo "kwana". Aka tafa.

Bappa ya ce, "Ɗana, sa sunana mu gani."

Ya rubuta "Bappa". Sai ga kalma ta fito ɓaro-ɓaro a jikin bangon da ake haska aikin: "baƙauye".

Bappa bai iya karatun boko ba, sai ya juya. "Naja'atu, me ta ce?"

Adda ta sunkuyar da kai. Abdulbaqi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya san in ya yi shiru wani zai faɗa, don haka ya karanta da bakinsa.

Bappa ya dube shi. "Ai kuwa ba ta yi ƙarya ba, daga ƙauye nake."

Ya miƙe, ya ajiye masa wata 'yar roba a kan tebur. "Ga man shanu, kakarka Iya ta ce kana so. Allah ya yi wa karatu albarka."

Abdulbaqi ya durƙushe ya riƙe ƙafarsa yana kuka, a gaban duk mutanen da ya tara don su yabe shi.

Darasi: Abin da ka saba faɗa a bayan wanda ya rene ka, wata rana a gabansa zai fito. Gyara harshenka tun a ɓoye. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.