Makaɗin da Ya Ɓoye Gwanintarsa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da samari ke sa wando mai faɗin ƙafa, su taje gashi ya miƙe a kansu kamar kwando. Sunansa Mamuda, sana'arsa kiɗa. Na ga wasunku sun fara ɗaure fuska, wai yau malam zai kai mu gidan rawa. Ku kwantar da hankalinku, ku saurara. Allah bai gaya mana gidan da yake ajiye bayinsa na kirki ba.

Su bakwai ne a ƙungiyarsu, suna irin kiɗan baƙar fatar Amurka da ake kira sol da fank, da jita da ƙahoni da ganguna. A wani ɗan zaure bayan tashar jirgin ƙasa suke wasa, duk Asabar daga la'asar zuwa gab da magariba. Wurin bai fi ya ci mutum sittin ba. Dattijon da ya ba ni labarin yana cikin masu zuwa kallo, ya ce kana jin kiɗan a ƙirjinka kafin ya iso kunnenka, gumin mawaƙi kuwa har kan 'yan sahun gaba yake sauka.

Mamuda ke kan ganguna, har da babbar nan da ake bugawa da ƙafa. Cikin masu busa ƙaho akwai wani tsoho, Baba Iliya, shekara talatin yana busa, da ita yake ciyar da gidansa. Kunnensa ya fara mutuwa, amma bai gaya wa kowa ba, domin Jatau shugaban ƙungiyar ba ya riƙe mai kuskure, ya riga ya sallami mutum biyu. Sai tsohon ya koma tuɓe takalmi kafin ya hau dandamali. Sauran suna yi masa tsiya, wai rowar takalmi yake yi kada ya tsufa. Mamuda kaɗai ya gane. Dandamalin na katako ne, tsohon yana jin bugun babbar ganga ta tafin ƙafarsa, da shi yake ƙirga inda zai shigo. Mamuda ya gane, ya ƙara wa ƙafarsa nauyi a kan gangar.

To, ku saurara da kyau, ga jarrabawar. Wata Asabar wani mutum ya zo daga Ikko yana neman mai ganga da za a tafi da shi yin faifai. Jatau ya ja Mamuda gefe ya ce yau za su yi abin da ba su saba ba: tsakiyar waƙa kowa zai tsaya, a bar masa fili shi kaɗai ya nuna abin da Allah ya ba shi, sannan ƙahoni su shigo gaba ɗaya. Mamuda ya ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Shekara goma yana mafarkin wannan rana.

Zaure ya cika, aka fara, kiɗa ya yi daɗi. Jatau ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya, ya nuna Mamuda. Mamuda ya ɗaga sandunansa, sai idonsa ya faɗa kan ƙafafun Baba Iliya, yatsun a dafe da katako, tsohon ya runtse ido yana ƙirgawa. Nan take ya ga abin da zai faru. In ya saki hannu ya zuba ruwan kiɗa, katakon zai ɗauki rawa gaba ɗaya, tsohon ba zai bambance bugun da yake bi ba. Zai shigo a inda ba nan ba, shi kaɗai, gaban mutum sittin da baƙo da Jatau.

Sai bawan Allah nan ya ci gaba da bugun da yake yi tun farko. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ba ado, ba salo. Mutane suka yi ta jiran abin mamaki, bai zo ba. Ƙahoni suka shigo daidai, har da na Baba Iliya. Baƙon Ikko ya dubi agogonsa, bai jira ƙarshen waƙar ba ya fita.

Bayan an tashi Jatau ya wanke Mamuda tas, ya ce ya kunyata su, tsoro ne ya kama shi. Kalma ɗaya Mamuda zai faɗa ya wanke kansa, bai faɗa ba. Cewa ya yi, "Ka yi haƙuri, maigida. Abin da na ga ya dace ke nan."

Yana naɗe kayansa, ransa a ɓace, sai Baba Iliya ya matso riƙe da takalmansa, ya ce, "Mamuda, tun yaushe ka sani?"

Ya ce, "Baba, sa takalminka, akwai ƙusa a nan."

Mamuda bai taɓa zuwa Ikko ba, babu faifan da ke ɗauke da sunansa. Baba Iliya ya ƙara shekara huɗu yana busa, ya aurar da 'ya'yansa, ya ajiye ƙaho da kansa cikin mutunci. Mamuda ya riga shi rasuwa, sai ranar jana'izar ne tsohon ya faɗi wannan magana, yana kuka kamar yaro.

Jama'a, darasin a fili yake: rufa wa ɗan'uwanka asiri ya fi a tafa maka, ko da kai za ka ɗauki asarar. Mu kuwa fa? In abokin aikinmu ya fara gazawa, mu ne na farkon kai rahoto, don a ga ƙwazonmu. Kowa a nan ya san wani da ƙarfinsa ya fara ƙarewa yana ɓoyewa, a shago ko a ofis ko a cikin gidanku. Gobe da safe za ka gan shi. Kai ma wata rana kai ne shi. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon rufa na wasu.