Rumfar da Dattawa Suka Ƙi Zama

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai an ambaci sunansa ba, tun zamanin da famfo yake baƙo a unguwanni. Sunansa Malam Yahuza. Ma'aikacin gwamnati ne a ofishin tsara gari, wato su ne masu cewa nan hanya za ta bi, nan za a bar fili, can za a haƙa magudanar ruwa. Ba shi da hayaniya. Aibinsa ɗaya a wurin abokan aikinsa shi ne yawan tambaya. In ya ga mutane sun bar titi sun yanke ta cikin ciyawa, sai ya tsaya yana kallo, yana son ya san dalili.

To, ku saurara.

A wata unguwa akwai tsohuwar ceɗiya a bakin titi, a gindinta dattawa suke majalisa tun iyayensu. Da manyan motoci suka fara bin titin, zaman ya zama haɗari. Wata rana ma wata mota ta hau bakin tabarma, ta murƙushe butar liman. Sai aka ce Malam Yahuza ya sama wa dattawan wuri.

Ya zage ya yi aiki. Ya sami fili nesa da titi, ya gina rumfa mai rufin kwano da dakali, ya dasa darbejiya. Da famfon unguwa ya zo, sai ya ce a kafa shi daf da rumfar, don kada tsoho ya wahala in zai yi alwala. Ranar buɗewa dattawa suka zauna, aka yi addu'a, aka sa masa albarka. Ba a yi mako ba suka naɗe tabarminsu suka koma gindin ceɗiya.

Shugaban ofis, Alhaji Mato, ya kira shi. Ya ce, "Yahuza, an ce tsofaffinka sun koma bakin titi. A sare bishiyar. In babu inuwa, ƙafarsu ce za ta kai su rumfa."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa ƙarshen wata in tambaye su."

"Tambayar me kuma? Taurin kai ne. To, na ba ka. Wata na mutuwa, gatari na zuwa."

Malam Yahuza ya je majalisa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida babbansu, wani tsoho da ake kira Baba Tsalha. Ya ce, "Baba, ko akwai abin da rumfar ta rasa?"

Baba Tsalha ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Dakalin ne da sanyi."

Ya kawo tabarmi da buzaye ya shimfiɗa. Ba su zo ba. Ya koma ya ce, "Baba, ko akwai abin da rumfar ta rasa?" Aka ce kwano ne da zafi. Ya sa aka ɗaura zana a ƙarƙashin rufin. Ba su zo ba. Ya sake komawa. Wannan karon wani tsoho, Malam Ilu, shi ya amsa: "Gwiwa ce, ɗan nan, wurin da nisa."

Na kusa da shi ya ce, "Ilu, gwiwar da take kai ka bayan gari ɗaurin aure in an ce akwai waina?"

"Kai dai baƙin ciki kake, don ba a gayyatar ka."

Majalisa ta ɗauki dariya, Malam Yahuza ma ya yi. Amma ya tashi da abu a ransa. Dakalin da ke da sanyi jiya, yau rumfarsa ta yi zafi? Ya gane ba yaudararsa suke yi ba, akwai abin da suke rufewa, kuma rufi ne irin na masu kunya. Menene shi? Ga wata yana ta raguwa.

Jama'a, ku lura da wannan. Duk zuwan da yake yi, bayan azahar yake zuwa, in ya samu sarari daga ofis. Sai wata rana ya ce a ransa, "Na ce wa mutane su zauna a wuri, ni kuwa ban taɓa zama a cikinsa ba." Da hantsi ya sa babbar rigarsa, ya tafi rumfar shi kaɗai, ya zauna a kan dakali, ga furfura ta fara fito masa a gemu.

Bai daɗe ba sai ga wata mata ta taso daga famfo, ga tsohon ciki, ga bokiti cike a kanta. Hanya ɗaya ce, ta gaban rumfar. Da ta hango mutum a zaune sai ta ja ta tsaya. Ta zare takalmanta da ƙafa, ta dafe bokiti da hannu ɗaya, ta fara rusunawa a hankali tana cije leɓe. Ruwa ya tuttule mata a wuya da baya.

"Ina kwana, Baba."

Malam Yahuza ya miƙe a firgice. "Baiwar Allah, tashi, tashi! Wuce abinki."

Ta ce, "In wuce dattijo a tsaye da takalmi? A ce 'yar gidan wa ce?"

Ta bayanta ma haka ta yi. Ta bayan wannan kuwa, da ta hango shi, sai ta juya da tulunta ta bi ta cikin ƙaya. Malam Yahuza ya tattara rigarsa ya bar wurin da sauri, kamar wanda aka kama yana sata.

Ya iske Baba Tsalha kafin majalisa ta cika, ya ce, "Baba, yau na zauna a rumfa da hantsi."

Tsohon ya ce, "Kai mutum ɗaya ke nan. Mu kuwa mun fi goma, kowa sai an gaishe shi da sunansa. Rabin matan nan surukanmu ne. Yarinya ta je famfo sau nawa a yini? Mu sha inuwa, su sha durƙuso da tulu a ka? Gara haɗarin motar."

"To, Baba, me ya hana ku faɗa mini?"

"Ka yi mana alheri, mu ce alherinka ya cuce mu? Kuma wane dattijo ne zai buɗe baki a majalisa yana zancen matan 'ya'yansa?"

Ku saurara, a nan jarrabawar take. An riga an yaba wa Malam Yahuza a sama saboda rumfar nan, har ana maganar ƙara masa girma. Da ya yi shiru, da an sare ceɗiya an ce tsofaffi ne masu taurin kai, babu mai tambaya. Amma ya je gaban Alhaji Mato ya ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren nawa ne. Ni na haɗa famfo da majalisa. A bar bishiya, a ba ni izini in tayar da abin da na kafa."

Alhaji Mato ya dube shi. "Ka san in na kai wannan magana sama, ƙarin girmanka ya tafi?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Saboda itace?"

"Saboda masu ɗaukar ruwa."

Aka ba shi izini. Wannan karon bai zana komai ba sai da ya tura matarsa gida gida ta tambayi matan unguwa inda suke so. Aka mai da famfo bayan wata katanga, aka fitar masa da lungunsa daban, aka bar wa dattawa randa. Babu wanda ya kira su, da kansu suka kwaso tabarmi suka dawo. Ceɗiya ta tsira. Ƙarin girma kuwa aka ba wani, Malam Yahuza ya je ya taya shi murna.

'Yan uwa, darasin a fili yake. Alheri ba ya cika sai an duba wanda zai ɗauki nauyinsa, kuma mai gaskiya shi ne wanda zai iya rushe aikin hannunsa in ya ga yana cutar da wani. Kai maigida, ke uwar gida, kai mai riƙe da ofis, sau nawa kuka yi wa mutum abu, ya ƙi karɓa, kuka ce butulu ne? Wataƙila kunya ce ta rufe masa baki. Wataƙila wani yake karewa. Kafin ka aika a ɗauko gatari, je ka zauna inda ka ce a zauna, a lokacin da ka ce a zauna, ka ga wa zai durƙusa saboda kai.

Allah ya ba mu haƙurin tambaya, ya ba mu ƙarfin cewa mun yi kuskure. Amin.