Ludayin Malam Ilu

Ku gyara zama ku kasa kunne, don in na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci.

An yi wani likita a wani babban asibiti a ƙasar Hausa, ana ce masa Malam Ilu. Aikinsa tiyata ne, kuma tiyatar ma ta masu ciwon daji na ciki da hanji, mutanen da abinci ya zame musu abin tsoro. A kan wannan aiki ya tsufa har gemunsa ya yi fari fat. Yana da wata al'ada da abokan aikinsa suka yi ta yi masa dariya a kanta har suka gaji. Duk wanda ya yi wa aiki, ranar da aka ce zai iya sa wani abu a baki, Malam Ilu da kansa zai zo da wani tsohon ludayin duma da ya gada a wurin mahaifiyarsa, ya ɗauraye shi da ruwan zafi, ya ɗebo kunu, ya ba shi kurɓin farko. Yakan ce wa ɗalibansa, "Yanka da ɗinki rabin aiki ne. Sai mutum ya koma gida ya sa hannu a kwano ɗaya da iyalinsa, sannan mun gama."

Cikin likitocin da ya koyar, uku ne suka fi shiga ransa: Zulai, da Nafi'u, da Yohanna ɗan Wusasa.

Ana nan, sai ciwon da ya shafe rayuwarsa yana yaƙa ya yi masa sallama shi ma. Kun san halin likitoci da taurin kai. Mutumin da zai yi wa wani faɗa don ya makara zuwa asibiti, shi ne ya dinga shan maganin gyambon ciki a ɓoye, yana cewa gajiya ce.

Zulai ce ta gano shi. A wata walimar raɗin suna ta hango shi ya ci loma biyu ya ture kwanon, shi da ba ya raga wa tuwon dawa da miyar kuka. Ta lura rigarsa ta yi masa yawa. Shi ya koya mata cewa kafin ka duba hoton cikin mutum, ka dubi yadda yake cin abinci. Ta same shi ta ce, "Malam, gobe za mu leƙa cikin nan." Ya daka mata tsawa. Ba ta yi musu ba, ta wuce gidansa ta gaya wa matarsa, Hajiya Turai, komai. Aka tasa shi gaba zuwa gwaji, aka tarar da ƙarin daji a tumbinsa, sai dai bai riga ya bazu ba. Amma Malam Ilu ya yi fushi da ita, ya ce ta tona masa asiri, ya daina amsa gaisuwarta. Ta shanye, duk da abin yana cin ranta.

Nafi'u kuwa yana ƙasar waje, ya samu aikin da kowa ke mafarkinsa. Da labari ya iske shi ya nemi hutu, aka hana shi, sai ya ajiye aikin ya hau jirgi. Da aka buɗe cikin Malam, aka ga ƙarin ya manne da wata babbar jijiyar jini. Manyan da ke wurin suka ce a rufe kawai, a bar wa Allah. Nafi'u ya dubi fuskar wanda ya fara riƙe masa hannu a kan wuƙa, hawaye na gangara cikin takunkumin fuskarsa, amma hannunsa ko gezau. Ya bi ƙarin a hankali, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai, har ya raba shi da jijiyar. Ya cire shi tare da mafi yawan tumbin.

Aiki ya yi kyau, sai dai Malam Ilu ya juya fuskarsa ga bango. Ya san ba zai ƙara tsayawa a ɗakin tiyata ba, ya san ba zai ƙara cin tuwo ya ƙoshi ba. Kewa ta cika shi: kewar ƙamshin girkin mahaifiyarsa, kewar marasa lafiyarsa, kewar hannunsa na da. Duk wanda ya kawo masa abinci sai ya ce, "Ku kai wa mai amfani." Ya dinga ramewa ana kallo.

Yohanna na shirin jarrabawar da za ta mai da shi babban likita, sai ya watsar da ita. Ya zo da kwano ɗaya da cokali biyu, ya zauna a gefen gadon. Ya ce, "Malam, ni baƙonka ne yau. In ba ka ci ba, ni ma ba zan ci ba." Malam ya yi banza da shi. Yini ya wuce, wani ya biyo, Yohanna na nan ba ya sa komai a bakinsa sai ruwa. Daga ƙarshe tsohon ya juyo ya ce, "Kai ɗan nan, ba a taɓa barin baƙo da yunwa a gidan ubana ba. Miƙo cokalin." Da kurɓi-kurɓi suka fara, har ranar da Malam ya koma gida ya sa hannu a kwano ɗaya da 'ya'yansa.

To, yanzu Malam Ilu yana zaune a zaurensa, ludayin na kan cinyarsa. Kullum da hantsi, lokacin da ya saba zagaya marasa lafiya, sai ƙafarsa ta nemi takalmi, sannan ya tuna ya bar aiki. An aiko masa daga asibiti cewa ya zaɓi wanda zai gaje shi a shugabancin sashen tiyata, shi kuma ya rantse wanda ya miƙa wa ludayin shi ne magajin. Ya kira su ukun, ya nemi gafarar Zulai, suka zauna a gabansa kawunansu a sunkuye. Ya ɗaga ludayin, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya kasa miƙawa. Ga shi can a asibiti akwai wani manomi da aka yi wa aiki, yana kwance yana jiran kurɓinsa na farko.

Ku da kuka ji, kunun nan yana hucewa. Tsakanin wadda ta gani, da wanda ya yanka, da wanda ya zauna da yunwa, wa za a miƙa wa ludayin?