Yadda Maina Ya Sauya Ɓarawo A Kashi Na Ƙarshe

Akwai wani mai shirya fim a garin Diffa, sunansa Maina. Ku da ke bin wannan shafi kun san ba na son zancen ƴan siyasa, sun gajiyar da ni tuntuni. Amma wannan labarin ya tsaya mini a rai, dole in faɗa.

Shekara bakwai Maina yana fama da kyamarar aro, ba wanda ya san da zamansa. Sai Allah ya ɗaga shi da wani shiri mai dogon zango da ya sa wa suna "Bakin Kogi". Wata tashar talabijin mai zaman kanta ke nuna shi duk Juma'a bayan la'asar, kafin gari ya waye an tura shi daga waya zuwa waya har Baroua.

Labarin shirin ba shi da wuyar ganewa. An kawo wa manoman tattasai na bakin kogin Komadugu injinan ban ruwa na tallafi, injinan suka yi ɓatan dabo tsakanin sito da gona. Wani jandarma ya shiga bincike, kuma kowane mako sawun ɓarawo yana ƙara nufar gidan wani konseye, wato kansila, mai babbar riga.

Mutane suka rungumi shirin hannu bibbiyu. To me zai hana? Da wuya ka sami manomin da bai taɓa dangwala yatsa a takardar karɓar injin ba, injin da har yau bai ga ko tiyonsa ba.

Saura kashi ɗaya a kammala, sai zaɓen kansiloli ya matso.

Akwai wani konseye na gaske, Alhaji Laminu, yana neman a sake zaɓarsa. Ba inda aka kama sunansa a shirin, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya aika aka kira masa Maina, aka kawo shayi, ya yi ta yabon aikin har Maina ya fara jin kansa ya yi girma. Sai da aka zuba kofi na uku ya fito da abin da ke cikinsa.

"Ɗana, ɓarawon fim ai kai ke zaɓarsa. Don me sai mai babbar riga? Garin nan cike yake da baƙi, ba wanda ya san asalinsu."

Ya ce in ya ci zaɓe akwai kujerar mai kula da yaɗa labarai a ma'aikatar magajin gari, da tebur da albashi. Ya kuma tuna masa, cikin murmushi, cewa takardar izinin ɗaukar hoto a bakin kogi ta hannunsa take bi.

Ba zan ce Maina mugu ba ne. Ya gaji ne, kuma yabo ya hau masa ka. Ya ce wa kansa ai fim ne kawai, shi ya rubuta, shi ke da ikon sauyawa.

A gonar da suke yawan ɗaukar shirin akwai wani dattijo, Malam Khalilu. Daga yankin Damasak ya gudo da iyalinsa shekara shida da suka wuce. Wata tsohuwa mai suna Ya Kellu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fili a bakin kogi, ita ta ba shi wani sashe yana nomawa suna raba amfani. Da wannan ɗan fili ya fitar da iyalinsa daga layin karɓar tallafi, ya kama ɗaki biyu a cikin gari. Duk ranar da su Maina suka zo, shi ke share musu inuwa ya kawo musu ruwan sha.

Maina ya same shi da safe yana sakin ruwa a kunyoyi. Ya ce, "Baba Khalilu, ka taimaka mana da wani ɗan abu." Abin da ake so kawai shi ne ya ɗora injin a amalanken jaki, ya rufe shi da buhu, ya waiga baya, ya kora jakin.

Dattijo ya yi dariya, ya ce shi da bai taɓa shiga talabijin ba. Sau uku aka maimaita, yana yi yana murna. Wani ɗan wasa ya ƙwala masa kira da sunansa na gaskiya ya tambaye shi ina za shi da injin, shi kuma ya amsa da cewa nan kusa ne. Bawan Allah bai san ana yanka hoto a haɗa shi da wani hoton ba. A wurinsa, abin da kyamara ta gani shi za a nuna.

Ranar Juma'a aka nuna kashi na ƙarshe. Ga Malam Khalilu yana rufe injin da buhu yana waige-waige, an sa kiɗa mai ban tsoro a ƙasa. Ga jandarma yana shaida wa manoma cewa ɗan gudun hijirar da suka amince da shi ne ke kwashe injinan yana tsallakawa da su hayi. Ga konseye mai babbar riga yana share hawaye, wai an ɓata masa suna a banza.

Wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kwana biyu ba a yi ba, sunan Malam Khalilu a kasuwar tattasai ya koma "mai injin". Masu hankali sun san wasa ne, amma ba kowa ke da wannan hankalin ba, kuma wasu dama neman dalili suke. Ƙungiyar manoman yankin ta zauna ta ce daga yau kada a sake barin baƙo shi kaɗai da injin.

Ya Kellu kuwa, wadda nata injin ya taɓa ɓacewa shekara biyu baya, ta kira shi ta ce ya bar mata filinta. Ya rantse, ya yi bayani, ya ce a tambayi Maina. Ta ce, "Ai ba gaya mini aka yi ba, Khalilu. Da idona na gan ka, a gonata, an kira sunanka ka amsa."

A lokacin tattasansa ya fara ja, saura mako uku a yi tsinkar farko.

Ya bi Maina har ya same shi a cikin motar kamfen, da lasifika a hannu. Maina ko saukowa bai yi ba. Ta taga ya ce masa, "Haba Baba, wasa ne fa. Sati ɗaya kowa ya manta." Mota ta ja, ta bar dattijo tsaye a bakin hanya.

Ba a manta ba. Wani ne ya tsinki tattasan. Da aka rasa na haya, matarsa Aliya ta ɗaure ƴan komatsansu, suka hau motar da ke zuwa sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage, wurin da tun shekara shida suke roƙon Allah kada ya kai su.

Alhaji Laminu ya ci zaɓe. Kujerar da aka yi wa Maina alkawari, ɗan ƙanwar Alhaji aka ɗora a kai. Maina ya yi ta sintiri a ofis, yau a ce Alhaji yana Yamai, gobe a ce yana taro, har mai gadi ya daina amsa masa sallama.

Ya ce bari ya koma sana'arsa, ya fara zango na biyu. Nan ma ya tarar ƙofa a rufe. Duk gonar da ya je, sai a ce ya yi haƙuri. Wani manomi ya faɗa masa kai tsaye: mutumin da ya ba ka ruwa ka mayar da shi ɓarawo, mu da ba mu ba ka komai ba me za ka mayar da mu? Ba gona, ba shiri. Tashar ta ba wani lokacinsa.

Sai a lokacin ya tuna da asalin kashi na ƙarshe da ya riga ya ɗauka tun kafin shayin gidan Alhaji, wanda aka kama konseye a ciki. Ya sake shi a waya. Ƴan kaɗan ne suka kalla, zaɓe ya wuce, kowa ya shiga sabgarsa. Ya kai wa Ya Kellu da kansa. Ta kalla har ƙarshe, ta miƙa masa wayarsa ta ce, "To wanne ne gaskiya? Duka biyun ai kai ka yi su." Filin kuma ta riga ta ba wani.

Bayan wata huɗu ya shiga mota zuwa Sayam. Ya sami Malam Khalilu yana ɗinke tamfol ɗin rumfarsu da rana ta cinye. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Maina ya durƙusa ya faɗi komai, har maganar shayin gidan Alhaji, ya nemi gafara.

Dattijo ya ci gaba da jan zarensa, sannan ya ce:

"Na yafe maka, Maina. Ba ni da ƙarfin riƙe mutum a rai yanzu. Amma ka ga famfon can? Jiya na tsaya a layi, matar da ke gabana ta waigo ta gane ni, ta janye jarkarta ta rungume. Nan ma suna da waya."

Maina ya sunkuyar da kai.

"Ranar da muka tsallako kogi, ban fito da gida ba, ban fito da gona ba. Abin da ya rage mini kawai shi ne in na ce ban ɗauka ba a yarda. Shi na ba ka aro na rabin yini. In kana da yadda za ka dawo mini da shi, ka dawo da shi. In ba ka da shi, tashi ka kama hanya, motar Diffa ba ta jira."

Maina bai da yadda zai yi. Ya tashi ya kama hanya.

Darasi: Duk abin da Allah ya ba ka iko a kai, ko kyamara ce, ko alƙalami, ko wannan wayar da ke hannunka, kada ka wanke babba da mutuncin wanda ba shi da mai tsaya masa. Babban zai ci moriyarka ya yar da kai, ƙaryar kuma ba ta dawowa don ka yi nadama. Ku tura wa ƴan uwa, musamman masu saurin yarda da duk abin da suka gani a allo.